Turmin Baba Ya Yi Shuɗi

Shafi na 19

Mai Sassaƙe ya rantse wa likita a kan abin da bai sani ba, likita kuma ta yarda da shi. Daga nan komai ya lalace.

Da hantsi aka kawo Kafinta asibiti dafe da ƙirji, gumi na tsiyayo masa kamar an watsa masa ruwa. Kafinta mijin Ƴar Baba ne, ƙanwar Mai Sassaƙe uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa a dangi ya san zuciyarsa ba lafiyayya ba ce. Abin da ba a sani ba shi ne kwalbar da Ƴar Baba ta tsinto a bayan akwatin kayan aikinsa, an sha rabi. Kwalbar shagon yayanta ce. Ga hotonsa nan manne a jiki, gemu tsaf, ana murmushi, ga lambar wayarsa a ƙasa, an rubuta da manyan baƙaƙe: GADON BABA, ƘARFIN MAZA.

Likita ta juya kwalbar a hannu ta dubi Mai Sassaƙe.

"Kai ka haɗa wannan?"

"Ni ne."

"Akwai ƙwayar ƙarfin maza ta kemis a ciki? Ka faɗa min gaskiya. Maganin da zan sa masa a ƙarƙashin harshe ba ya haɗa hanya da ita. In suka gamu a jiki ɗaya, mutum zubewa yake."

Mai Sassaƙe ya bugi ƙirji, har masu jiran layi suka waiwayo.

"Likita, ni ake yi wa wannan tambayar? Saiwa ce da sassaƙe da zuma. Da hannuna na dafa, da harshena na ɗanɗana. Wallahi ko ƙwayar ciwon kai ba ta taɓa shiga tukunyata ba!"

Ta shiga ciki. Bai gama gyara zama a kan benci ba ya ga nas-nas suna gudu, ana turo tukunyar iska, Ƴar Baba ta saki ihu. Can likita ta fito, idonta ya kaɗa.

"Ka yi min ƙarya."

"Ni?"

"Jininsa ya faɗi warwas. Muna ɗura masa ruwa, ya ƙi tashi. Saiwa ba ta yin haka."

Ta ɗaga kwalbar saitin hasken taga. A can ƙasa wani gari ya kwanta, fari-fari, shuɗi-shuɗi.

"Malam, wace bishiya ce a dajinku take da shuɗin gari? Ka je ka samo min sunan abin nan da yawan da aka zuba. Yanzu!"

Bai san yadda ya hau babur ba. Mutum ɗaya ne kawai ke taɓa maganin nan bayan ya bar tukunya. Tun da ciwon baya ya hana Mai Sassaƙe dogon tsuguno, shi dai ya dafa ya ɗanɗana ya rufe, ɗurawa a kwalba da manna hoto kuwa aikin Auta ne, ƙaninsu na ƙarshe.

Ya tarar da ƙofar shago a garƙame da rana tsaka. Ya zaga ta baya ya bangaji ƙyaure.

Auta na tsugune a bakin famfo, ya cire riga, yana dirzar turmin Baba da soson ƙarfe. Turmin da tsohon ya daka magani a ciki har ƙarfinsa ya ƙare, turmin da ko mace mai girki ba a bari ta ara. Kumfa na gangarowa zuwa rariya, kumfar kuwa shuɗiya.

"Tashi."

Auta ya ɗago ya yi yaƙe.

"Yaya, ashe ka dawo. Ya mai jikin? Ƴar Baba ta kira ni tana kuka, na ce bari in ɗan kimtsa in taho."

"Me kake wankewa?"

"Turmi ne ya yi datti."

"Nuna min hannunka."

"Yaya, sabulu ne fa..."

"Na ce nuna min hannunka, ɗan banza!"

Ya fizgo hannun. Ƙarƙashin kowace farce shuɗi ya maƙale, irin wanda wanka ɗaya ba ya fitarwa. Mai Sassaƙe ya hankaɗe shi ya faɗa ɗakin ɗuri. Ya ture buhun kwalabe, ya zazzage kwali, ya kai ƙafa ya kifar da bokitin shara. Sai ga su sun watse a siminti, fankon katin ƙwaya, an ɓalle kowanne tas, tuli guda kamar ɓawon gyaɗa.

Ya tsaya yana kallonsu. Wuyansa ya kumbura, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa.

"A turmin Baba?"

Auta ya jingina da ƙofa yana goge hannu a wando. Yaƙen ya tafi.

"To a ina kake so in daka? A hularka?"

Marin da ya sauka sai da tsuntsayen kan rufi suka tashi. Auta ya dafe kunci, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Ƙara min, Yaya. Ƙara. In ka gama sai mu yi maganar manya."

"Kai ne babban? Ni na goya ka, ni na share maka majina!"

"Ka share min majina, ni kuma na share maka talauci. Ka manta yadda shagon nan yake? Ƙuda ma sai ya yi shawara kafin ya shigo. Kana zaune kana gyangyaɗi da carbi, mutum ya zo ka ce ya sha safe da yamma, ya rage zaƙi, ya riƙa tafiyar ƙafa, ya yi haƙuri. Haƙuri! Wane namiji ne matarsa ta juya masa baya zai zo sayen haƙuri?"

"Haka Baba ya yi, ya mutu da mutuncinsa."

"Ya mutu da mutuncinsa a gidan haya."

"Rufe min baki!"

"Ba zan rufe ba. Ka ɗauka sassaƙen Baba ne ya cika layin nan da motoci? Ka ɗauka saiwarka ce ta sa masu manyan riguna ke aiko direbobinsu? Ruwan ɗacinka ba ya tayar da ko kyanwa daga barci. Ni na sa masa rai!"

Mai Sassaƙe ya ɗauki taɓarya. Ya dubi kan ƙaninsa, ya dubi taɓaryar, ya yi jifa da ita jikin bango. Kwalabe suka zubo daga kanta suka tarwatse. Kantar nan Kafinta ne ya ƙera ta, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ai shagon gida ne.

"Na rantse, Auta. A gaban mutane na kama sunan Allah na ce babu komai a ciki. A kan rantsuwata ta ba shi maganin da ya kayar da shi."

"Wa ya aike ka rantsuwa?"

"Don ban sani ba!"

Auta ya yi wata dariya mai ciwo.

"Ba ka sani ba? Yaya, ka ji tsoron Allah. Kai ma fa kana sha."

Mai Sassaƙe ya zuba masa ido.

"Eh, ina ganinka. Kwalbar da kake sakawa a aljihun babbar riga in za ka tafi gida, ka ɗauka ba na lura? Da ka sha ba ka ji kanka na sarawa ba? Hancinka bai toshe ba? Fuskarka ba ta ɗau zafi ba? Kai da ka sha maganin Baba tun kana saurayi, yaushe ya taɓa yi maka haka? Ka zo nan da safe kana fito, kana cewa albarkar iyaye ce. Ka ɗauka ƙuruciya ce ta yi ɓatan hanya ta dawo gidanka? Ka sani sarai. Ba ka so ka tambaya ne, don abin ya yi maka daɗi."

Maganar ta shige shi kamar ƙusa. Ya tuna safiyar da ya fito tsakar gida ya ga hasken rana ya yi wani shuɗi-shuɗi a idonsa, ya murza ido ya ce gajiya ce. Ya tuna yadda ya daina leƙa ɗakin ɗuri. Haushin kansa ya taso ya haɗu da na Auta, ya rasa wanda zai fara shaƙewa.

Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Wa ya sayar wa Kafinta?"

Auta ya kau da kai.

"Da kai nake. Ni dai bai taɓa zuwa wurina ba."

"Ta ina zai zo wurinka? Ya tsaya gaban yayan matarsa ya ce ƙanwarka na ƙorafi? Sai da ya ga fitarka sannan ya shigo, wai ya zo duba ƙafar kanta."

"Ka ba shi."

"Ya ce na abokinsa ne."

"Na wa?"

"Na abokinsa! Wani mai fenti da suke aiki tare. Haka ya ce min, wallahi haka ya ce."

Mai Sassaƙe ya matso har numfashinsu na haɗuwa.

"Auta, tun kana rarrafe kake cikin shagon nan. Faɗa min namiji ɗaya, ɗaya tak, da ya taɓa shigowa ya ce nasa ne."

Auta ya ja da baya.

"Kowa na aboki ne! Mai furfura na aboki ne, ango na aboki ne, wanda ya zo da rawani ya rufe fuska na aboki ne. Duk garin nan lafiyarsu ƙalau, abokansu ne marasa lafiya! Shi ya sa Baba ya kafa doka. Me ya ce?"

"Yaya, bar tone-tone."

"Me Baba ya ce?"

"Ya ce a zaunar da mutum."

"A zaunar da shi a ba shi ruwa, a ce to abokin nan naka yana haki in ya hau bene? Ƙirjinsa na riƙewa? Yana shan maganin asibiti? Ana tambayar aboki, ana kallon idon wanda ke zaune. In aboki na da ciwon zuciya, a ce ya je wurin likita tukuna, ko zuma ba a ba shi. Wannan ita ce sana'ar, ba dakan ba! Kai kuwa ba sai ka tambaya ba ma. Wa ya kai Kafinta asibiti wancan karon da ya faɗi a wurin aiki?"

"Ni ne."

"Wa ya riƙe masa leda a layin karɓar magani?"

"Na ce ni ne!"

"To don ubanka..." Ya haɗiye sauran, don uban nasu ɗaya ne. "Ka san zuciyarsa, ka san abin da ka daka, ka miƙa masa."

Idon Auta ya ciko, amma bakinsa bai mutu ba.

"Me kake so in ce masa? In ce ƙarya kake, naka ne? In tsiraita mijin yayata a tsakiyar shago? Mutumin yana magana yana kallon takalminsa, gumi har a hanci. Na tausaya masa ne. Na ce cokali ɗaya, na ce ya gaya wa abokin cokali ɗaya kacal. Ni na ce ya shanye rabin kwalba?"

"Ƙwaya nawa ke cikin kwalba?"

"Ban sani ba."

"Kai!"

"Wallahi ban sani ba! A bokiti nake zubawa in juya da muciya. Wata kwalbar ta samu da yawa, wata kaɗan. Ta ƙasan bokiti ta fi kauri."

"Tasa fa?"

Auta ya sunkuyar da kai a karon farko.

"Na zaɓar masa mai kauri. Na ce ai na gida ne."

Mai Sassaƙe ya dafa bango. Da a ce zagi Auta ya yi masa da ya fi sauƙi. Na gida ne. Ya zaɓar masa mai kauri don na gida ne.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ƴar Baba ce.

"Yaya kana ina? Likita na ta tambaya! Yaya, idonsa ya juye, ba ya jin kirana, don Allah ka zo!"

"Ga ni nan. Riƙe hannunsa, ga ni nan."

Ya durƙusa duk da ciwon bayan, ya tattara fankon katin nan ya cusa a leda. Auta ya tare ƙofa.

"Ina za ka kai su?"

"Inda aka tambaye ni."

"Ka haukace? In likita ta ga wannan, hukuma za ta kira. Za su rufe shagon, su ɗaure mu. Ka ce mata ba ka samu komai ba. Ka ce wataƙila ya sha wani abu a waje. Masu tallan magani da lasifika a mota sun cika gari, wa ya san nasu da namu?"

"In sake yi mata ƙarya?"

"Ta farko ma ai ba da gangan ka yi ba. Yaya, ka tuna ƴaƴanka. Ka tuna sunan Baba."

"Sunan Baba? Ga shi can yana bin rariya."

Ya cakumi wuyan singiletin Auta ya ja shi waje kamar akuya. Maƙwabta suka fito, mai gyaran waya da mai wanki da matar da ke sayar da lemo.

"Mai Sassaƙe lafiya? Me yaron ya yi?"

"Ba yaro ba ne, likita ne! Ku gaishe da babban likita, mai digiri a turmi!"

Ya tayar da babur.

"Hau. Da bakinka za ka gaya mata abin da ka zuba, da bakinka za ka gaya wa Ƴar Baba."

Auta ya hau. Suna tafe yana magiya a kunnensa, Yaya ka tsaya mu yi shawara, Yaya akwai kwalayen da na aika wa masu sari da safen nan, in magana ta fita duk za su dawo kanmu. Mai Sassaƙe ya ƙara wuta, ledar na rataye a hannun babur tana kaɗawa.

A mahaɗar titi suka faɗa cunkoso. Wata babbar mota ta mutu a tsakiya, masu ƙananan motoci na ta oda, ana zage-zage. Ya sa ƙafa ƙasa yana laluben ɗan tsukin da zai kutsa. Sai ya ji babur ya yi sauƙi.

Ya waiwaya. Wayam.

Can ya hango bayan Auta tsakanin motoci, yana sauri yana sunkuyawa, ya nufi lungun masu kayan gini. Da ya jefar da babur ya bi shi, da ya kama shi, don har yanzu bai yi nisa ba. Ya buɗe baki ya ƙwala kira.

"Auta! Auta, don darajar iyayenmu!"

Ko waiwaye.

Waya ta sake ƙara. Ya dubi lungun, ya dubi ledar. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini, ya murza babur ya hau gefen titi ya nufi asibiti.

Tun daga bakin baranda ya san ya makara. Ba a gudu kuma. Nas ɗin da ɗazu ke turo tukunyar iska tana mayar da ita a hankali. Ƴar Baba na zaune a ƙasa dirshan, mayafi ya zame, ba ta kuka. A hannunta ɗan guntun fensirin nan ne da Kafinta ke maƙalawa a bayan kunne, wanda ko wurin biki ya je sai an tuna masa ya cire.

"Ƴar Baba..."

Ba ta ɗago ba.

Likita ta fito. Ya miƙa mata ledar da hannu biyu kamar mai roƙo.

"Ga shi, Likita. Ga abin da ke ciki. Ban sani ba, wallahi ban..."

"Kada ka sake rantse min."

Ta buɗe ledar ta duba kati ɗaya, ta rufe ido.

"Da wannan ka kawo min da farko, da yanzu yana zaune yana yi muku ƙorafin allura. Zuciyar ba ta jure ba. Allah ya ji ƙansa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Mai Sassaƙe ya durƙushe gaban ƙanwarsa.

"Ƴar Baba, ki saurare ni. Auta ne. Auta ne ya..."

Sai a lokacin ta ɗago. Bai taɓa ganin idonta haka ba, a bushe ƙamas.

"Auta ne ya bugi ƙirji?"

"A'a, amma..."

"Ina tsaye a nan. Ta tambaye ka sau ɗaya, da Hausa, ba da wani yare ba. Da ka ce ban tabbata ba, bari in bincika, wa zai kashe ka? Girman kai ne ya hana ka. Kada a ce maganin Mai Sassaƙe da algus. Ka ceci sunan kwalbarka, ka bar min marayu."

"Ni yayanki ne..."

"Yayana ya mutu tare da mijina. Tashi daga gabana."

Wani ya yi gyaran murya a bayansa. Mutum biyu ne da likita ta kira, ɗan sanda da wani mai farar riga daga hukumar kula da magunguna. Mai farar rigar na riƙe da kwalbar. Ya dubi hoton, ya dubi Mai Sassaƙe, ya sake duban hoton.

"Ba sai mun sha wahalar nema ba. Malam, kai ne wannan?"

"Ni ne. Amma ba ni na zuba ba, ƙanena ne."

"Yana ina?"

Mai Sassaƙe ya waiwaya ya dubi ƙofar asibiti.

"Akwai hotonsa a jiki? Sunansa? Lambarsa?"

Babu. Auta ne da kansa ya kai shi wurin mai hoto, ya gyara masa hula, ya ce Yaya fuskarka za a sa, kai ne mai gemu, kai mutane za su yarda da kai. A ranar har daɗi ya ji, ya ce yaron nan ya san girman na gaba.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya zabura, ko Auta ne. Ɗan sandan ya riga shi, ya zaro ta ya duba. Baƙuwar lamba ce. Ya danna ya buɗe murya kowa na ji.

Wani dattijo ne, yana magana ƙasa-ƙasa, yana haki tsakanin kalma da kalma.

"Salamu alaikum. Mai Sassaƙe ne? Na ga lambarka a jikin kwalba. Yanzu na saya a wurin masu sari. To... cokali nawa ake sha? Ba nawa ba ne, na wani abokina ne."

Mai Sassaƙe ya yi kukan kura ya kai hannu zai fizge wayar.

"Kada ka sha! Baba, kada ka..."

Ɗan sandan ya cafke hannun a sama, ya murɗe shi baya. Hannun da ya bugi ƙirji da hantsi, shi ankwa ta fara kamawa.